Yaro Mai Galahanga: Wurin Wa Za A Kai Shi, Da Wane Suna Za A Kira Shi

 

Yau maganarmu a kan wani irin yaro ce wanda galibinku kun taɓa gani, ko a gidanku, ko a maƙwabta, ko kuwa a bakin ɗakin shan magani uwarsa tana riƙe da hannunsa. A ido lafiyayye ne, yana ci, yana gudu. Amma in an kira sunansa ba ya waiwayowa. Ya shekara biyu ko uku bai fara magana ba, ko kuwa ya fara, amma sai maimaita abin da aka ce masa ya ke yi. Ba ya nuna abu da yatsa don a duba tare da shi. Ya kan zauna shi kaɗai yana jera duwatsu ko marafan kwalba, in an taɓa guda sai ya fashe da kuka. Ƙarar injin niƙa ta kan sa ya toshe kunnuwansa. Likitoci suna kiran wannan hali otizim. A rediyo da jaridun Hausa a kan ce galahanga, ko da ya ke waɗansu su kan haɗa waɗansu lalurori dabam cikin wannan suna. Mu a nan otizim mu ke nufi.

Tambaya biyu ke damun iyayen irin wannan yaro. Ta fari, wurin wa za mu kai shi? Ta biyu, me za mu ce wa mutane in sun tambaye mu abin da ya same shi? Ba ku ne kuka fara karo da waɗannan tambayoyi ba. Mutanen Turai da Amurka sun fi shekara ɗari suna fama da su, sun yi kuskure da yawa, yara kuwa su suka sha wuyar kuskuren. Za mu ba ku labarin daga farko, domin kada ku faɗa ramin da waɗansu suka riga suka faɗa.

YADDA AKA SAMO SUNAN

Kalmar otizim wani likitan ƙwaƙwalwa ne na ƙasar Siwizalan, Eugen Bleuler, ya shigo da ita cikin littafinsa na 1911. Ya ɗauko ta daga harshen Girkawa, daga kalmar da ke nufin "kai", watau mutum ya koma cikin kansa. Amma shi manya masu taɓin hankali ya ke siffantawa da ita. Saboda haka tun daga tushe sunan ya zo da ruɗani, aka daɗe ana ɗaukar waɗannan yara kamar masu hauka, alhali kuwa abu biyu ne dabam.

Cikin 1925 wata likita a birnin Mosko, Grunya Sukhareva, ta rubuta bayanin yara maza 6 masu wannan hali, ta bayyana su daidai, amma duniya ba ta kula da aikinta ba sai bayan shekaru masu yawa. Wanda aka saurara shi ne Likita Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a birnin Baltimo ta Amurka. Cikin 1943 ya ba da labarin yara 11, maza 8 da mata 3, ya ce abin da ke gare su lalura ce mai zaman kanta, da ita kuma aka haife su. Bayan shekara guda, cikin 1944, Likita Hans Asperger na birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya ya rubuta nasa bayani a kan yara maza 4 masu magana sosai, amma ba su gane hanyar cuɗanya da 'yan'uwansu yara ba.

LABARIN DONALD DA MANOMI

Na farko cikin yaran nan 11 na Kanner sunansa Donald Triplett. An haife shi cikin 1933 a wani ƙaramin gari da a ke kira Forest, cikin jihar Misisifi. Yana ƙarami ba abin da ya ke so kamar ya juya murfin tukunya a ƙasa yana kallo, ko ya yi ta ƙidaya. Cikin 1937, bisa shawarar masana na lokacin, iyayensa suka kai shi wani gidan gwamnati inda a ke tsare yara. Ya yi wajen shekara guda a can, sai ƙara shiru ya ke yi. Da iyayen suka ga haka suka je suka ɗauko abinsu. Ubansa ya zauna ya rubuta wa Kanner takarda mai shafi 33, ya faɗi duk abin da ya gani ga ɗansa tun daga haihuwa. Wannan takarda ta uba ita ce ta fara buɗe wa likita ido.

Cikin 1942, Donald yana da shekara 9, aka kai shi ya zauna da wani manomi da matarsa kusa da garinsu. Mutanen nan ba su yi karatun likita ba, amma ku ji abin da suka yi. Da suka ga yana son awo, sai suka sa shi haƙa rijiya, ya riƙa gaya musu zurfinta. Da suka ga ba ya gajiya da ƙidayar kunyoyin masara, sai suka ba shi garmar doki, yana huɗa yana ƙidaya. Ba su hana shi abin da ya ke so ba, sai suka mai da shi aiki. Kanner da kansa ya je ya gani cikin 1945, ya yi mamakin hikimarsu.

Donald ya yi shekara 4 a gonar, ya koma makaranta, ya gama kwaleji cikin 1958. Ya yi aiki a bankin garinsu shekaru masu yawa, ya koyi tuƙin mota, ya zaga ƙasashe. Mutanen garin sun san halinsa, sun ɗauke shi nasu. Ya rasu cikin 2023 yana da shekara 89.

Ba mu ce kowane yaro zai zama kamar Donald ba. Waɗansu ba za su yi magana da baki ba har girmansu, za su bukaci mai kula da su kullum. Amma ku riƙe wannan: yaro guda ne, an kulle shi ya koma baya, aka ba shi mutanen da suka dube shi da kyau ya ci gaba.

DA AKA ƊORA WA UWAYE LAIFI

Bayan an sami suna sai aka shiga neman mai laifi. Cikin 1949 Kanner ya rubuta cewa iyayen yaran nan masu sanyin zuciya ne. Waɗansu suka ɗauki maganar suka ƙara mata gishiri, har aka riƙa kamanta uwayen da firji. Wanda ya fi yaɗa wannan shi ne Bruno Bettelheim, shugaban wata makaranta a birnin Shikago. Cikin littafinsa na 1967 ya ce ƙiyayyar uwa ce ke sa yaro ya rufe kansa, maganin kuwa a raba shi da ita. Mata da yawa suka zauna da wannan baƙin ciki, ga wahalar reno, ga zargi.

Wanda ya fara rushe wannan magana uba ne. Bernard Rimland masani ne, yana kuma da ɗa mai wannan lalura, ya san matarsa ba ta ƙi ɗanta ba. Cikin 1964 ya fitar da littafi ya nuna cewa asalin abin yana cikin halittar ƙwaƙwalwa. Cikin 1969 Kanner ya tsaya gaban taron iyaye ya wanke su daga laifi. Sa'an nan cikin 1977 masana biyu a Ingila, Susan Folstein da Michael Rutter, suka bincika tagwaye 21. Cikin tagwaye 11 masu kama ɗaya, an sami 4 da dukansu biyu ke da lalurar. Cikin tagwaye 10 marasa kama ɗaya, ba a sami ko guda da ta haɗa su biyun ba. Wannan ya nuna gado yana da babban hannu a ciki, binciken da aka yi daga baya kuma ya ƙarfafa haka.

To, kai maigida, da ke uwar miji, ku ji da kyau. Ba nonon uwa ne ya ɓaci ba, ba sakacinta ba ne, ba kuma fitar da ta yi da almuru tana da ciki ba ce. Wanda duk ya ce muku laifin uwa ne, maganar da aka binne tun shekara hamsin ya ke tonowa.

DA IYAYE SUKA HAƊA KAI

A lokacin nan a Ingila a kan ce irin waɗannan yara ba su koyuwa, makarantu ba su karɓarsu. Cikin 1962 waɗansu iyaye a Landan suka kafa ƙungiya, cikin 1965 suka buɗe makaranta, wata malama Sybil Elgar ta shugabance ta. Ta koyar da yaran a tsare, kowane aiki da lokacinsa, tana nuna musu abu da ido maimakon yawan surutu. Yaran da aka ce ba su koyuwa suka koya.

Cikin iyayen nan akwai Likita Lorna Wing, ita ma tana da 'ya mai lalurar. Cikin 1979 ita da abokiyar aikinta Judith Gould suka bincika yaran wata unguwa ta Landan, suka gane cewa abin hawa-hawa ne, daga yaron da ba ya cewa uffan har zuwa wanda ya fi malaminsa lissafi amma ba ya iya hira. Shi ya sa adadin ya sake. Cikin 1966 Victor Lotter ya ƙidaya yara 4 ko 5 cikin 10,000 a Ingila. Cikin 2022 ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya kusan yaro 1 ne cikin 100. Babban dalilin wannan bambanci shi ne an faɗaɗa ma'anar, an kuma ƙara iya ganewa. Lotter ɗin nan ya zo ƙasashen Afirka, har da Nijeriya da Gana, cikin 1978 ya ba da rahoto cewa ya sami irin waɗannan yara. Saboda haka kada wani ya ce muku ciwon Turawa ne.

MASU DUKA DA MASU ALKAWARI

Inda duk iyaye suka matsu, a nan masu cin kasuwa su ke taruwa. Tarihi ya nuna mana iri biyu.

Na farko masu horo da azaba. Cikin 1965 mujallar Life ta buga hotunan wani wuri a jami'ar birnin Los Anjalas inda Ivar Lovaas ke koyar da yara da tsawa, da mari, har da jan lantarki. Daga aikinsa ne aka sami hanyar koyarwa kaɗan-kaɗan, ana yaba wa yaro in ya yi daidai, ana kuwa amfani da ita. Amma azabar, masana sun yi tir da ita. Waɗansu da aka hora suna yara sun girma sun faɗi da bakinsu irin wuyar da suka sha sa'ad da a ke tilasta musu kallon ido, ko a ke danne musu hannu don kada su kaɗa shi. Mu ma a nan ba mu kuɓuta ba. Cikin 2019 'yan sanda suka buɗe waɗansu gidajen mari a Kaduna da Katsina, suka iske mutane ɗaure da sarƙa, har da yara. Sarƙa ba ta taɓa koya wa yaro magana ba.

Na biyu masu alkawarin warkarwa. Cikin 2005 a jihar Fensilbaniya wani yaro ɗan shekara 5 ya mutu a ɗakin wani likita sa'ad da a ke ɗura masa magani ta jijiya, wai don a fitar da zaiba da dalma daga jikinsa. Cikin 2010, da kuma 2019, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wani ruwa da a ke sayar wa iyaye, wanda in an haɗa shi ya kan zama irin ruwan nan mai fid da launin tufa. Har wa yau ba a sami ƙwaya, ko allura, ko saiwa, ko turare da ke kawar da galahanga ba. Abin da ke akwai shi ne koyarwa, da maganin waɗansu lalurori da kan zo tare da ita, kamar farfaɗiya da rashin barci.

Akwai kuma wata ƙarya da ta shafi ɗakin shan magani kai tsaye. Cikin 1998 wani likita a Landan, Andrew Wakefield, ya duba yara 12 kurum, ya jefa zargi a kan allurar da ta haɗa rigakafin ƙyanda da na waɗansu cututtuka biyu. Iyaye suka tsorata, ƙyanda ta komo. Da aka bincika aka iske aikinsa da maguɗi. Cikin 2010 mujallar da ta buga shi ta janye, aka kuma soke sunansa daga cikin likitoci. Cikin 2019 aka fitar da binciken yara fiye da 650,000 a ƙasar Danmak, ba a sami wata alaƙa ba. Alamun galahanga su kan fito fili tsakanin shekara ɗaya da biyu, lokacin ya zo daidai da na allurai, shi ke nan. Ku ci gaba da kai 'ya'yanku rigakafi.

SUNA LINZAMI NE

Yanzu sai tambaya ta biyu. A dā, a ƙauyukan Turai, in an haifi yaro mai irin wannan hali a kan ce aljanu ne suka sace na ainihi suka ajiye nasu. Ku dubi yadda wannan ya yi kama da abin da waɗansu ke cewa a nan, wai ɗan ruwa ne, a kai shi bakin kogi. Yaron da aka ce ba mutum ba ne, ba wanda zai ga laifin wulaƙanta shi.

Likitoci ma sun yi nasu. Cikin 1910 wani masani Ba'amurke, Henry Goddard, ya ƙirƙiro kalmar "moron" don rubutun asibiti. Ba a daɗe ba ta zama zagi a bakin yara, daidai da a ce dolo. Kalmar da ta gaje ta ita ma ta zama zagi, har cikin 2010 aka yi doka a Amurka aka cire ta daga waɗansu dokokin gwamnatin tarayya.

Daga baya masu lalurar da kansu suka fara magana. Temple Grandin, wadda aka haifa cikin 1947, ba ta yi magana ba sai da ta wuce shekara uku. Ta girma ta zama shehun malami a fannin dabbobi, ta tsara hanyoyin da shanu ke bi ba tare da firgita ba, cikin 1986 kuma ta fitar da littafin rayuwarta. Cikin 1993 Jim Sinclair ya tsaya gaban taron iyaye a birnin Toronto ya roƙe su su daina makokin ɗan da ba su samu ba, su dubi wanda ke gabansu. Cikin 2016 aka fitar da binciken mutum 3,470 a Ingila a kan sunan da suka fi so. Ma'aikatan lafiya suka fi karkata ga a fara ambatar mutum sa'an nan lalurarsa. Da yawa daga masu lalurar kuwa suka ce a kira su da ita kai tsaye, domin ba abin kunya ba ce. Ba a sami kalma guda da ta gamshi kowa ba. Abin da aka koya shi ne a tambayi mai abu.

Ga mu Hausawa, hanya mai sauƙi ce. Yaro yana da sunan da aka raɗa masa ran suna, aka yanka rago. Ku kira shi da shi. In bukatar bayani ta taso, ku ce, "Audu yana da galahanga, ba ya son ƙara, a yi masa magana a hankali." Wawa, gaɓo, taɓaɓɓe, mahaukaci, ɗan ruwa, ku fid da su daga gidanku, ku kuma hana yaran gida faɗinsu. Kada ku zauna kuna kuka da halinsa a gabansa, domin yaron da ba ya magana sau da yawa yana jin abin da a ke cewa. A Nijeriya, tun watan Janairu na 2019 akwai dokar da ta hana nuna wa masu nakasa bambanci. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta keɓe ran 2 ga Afrilu, tun daga 2008, don tunawa da masu wannan lalura.

IN ZA KU ZAƁI MAI TAIMAKO

Ku fara da malamin ɗakin shan magani, ku roƙe shi takardar zuwa babban asibiti wurin likitan yara. Ku nemi a gwada jin yaron tukuna, domin kurunta ma ta kan hana magana. Ku yi irin ta uban Donald, ku tafi da bayani a rubuce: yaushe ya zauna, yaushe ya yi tafiya, me ke sa shi kuka, me ke sa shi dariya, ko ya taɓa suma. In ba ku iya rubutu, ɗan makaranta ya rubuta muku.

In an tura ku wurin malamin koyon magana, ko mai koyar da ayyukan yau da kullum kamar cin abinci da sa riga, ko malamin makaranta ta musamman, ba rashin kunya ba ne ku yi masa tambaya. Ku ce, "Malam, ina ka koyi wannan aiki, za mu iya ganin takardarka? Zan iya zama in kalla? Me za ka koya masa cikin wata uku, yaya kuma za mu gane ya koya? In ya yi kuka ya ƙi, me za ka yi? Me za ka koya mini in riƙa yi a gida? Nawa za mu biya?" Mai gaskiya zai amsa da fara'a. Ku lura kuma da yadda ya tarbi yaron: ya gai da shi da sunansa, ya rage tsawo ya daidaita da shi, ko kuwa ku kaɗai ya ke kallo?

Wanda ya ce zai warkar da shi cikin kwana arba'in, ko ya ce ku bar masa yaron ku tafi, ko ya ɗauko bulala, ko ya hana shi abinci, ko ya ce a daina maganin farfaɗiya, ku kama hannun ɗanku ku fita. Addu'a kuwa ku yi ta yi, ba ta hana zuwa asibiti.

Mun sani a ƙauyuka da yawa babu irin waɗannan malamai. To, ku tuna da manomin nan. Ku dubi abin da yaro ya ke so, ku shiga ta nan. In ruwa ya ke so, ya taya ban ruwan awaki. In jeri ya ke so, ya jera kwanoni bayan an wanke. Ku yi masa magana gajera, ku nuna masa abin a hannu, ku jira ya amsa, ko da nuni ne. Abinci da wanka da barci su zama da lokacinsu. Ku kuma taimaki uwar, ku karɓe ta ta huta, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda ya karanta wannan takarda, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya raya mana 'ya'yanmu, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.